Yadda ake lissafin awoyin ma'aikata kafin a biya albashi a Legas

Yawancin rigimar ƙarshen wata tsakanin maigida da ma'aikatansa a kan awoyi take tashi, domin shi albashi an riga an yi cinikinsa tun ranar ɗauka. Wa ya makara, wa ya yi fashi, wa ya kai dare a bakin tanda ranar da aka kawo odar biki? Maigida ya ce kwana biyu, yaro ya ce huɗu, kuma babu mai yin ƙarya da gangan a cikinsu, kowa abin da kansa ya riƙe yake faɗi. Wannan bayani na masu gidan burodi ne a Agege, da masu kamfanin fiya wata, da masu shaguna a Alaba Rago da Idi-Araba, da masu ɗaukar 'yan gadi, da duk wanda yake biyan mutane a wata. Ginshiƙinsa guda ne: a rubuta lokacin shiga da na tashi a ranar, a gaban mai shi. Sauran duk tarawa ce da ɗebewa.

Ku tsayar da magana tun kafin wata ya kama

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda take Babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004, ba ta yanke wa kowa yawan awoyin aiki a rana ba. Sashe na 13 ya bar abin ga yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko tsakanin kamfani da ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar da ke tsara albashin wannan sana'ar. Duk abin da ya haura adadin da aka amince a kai ya zama obataim. Nawa za a biya awar obataim ɗin? Nan ma dokar ba ta sa farashi ba. Ke nan in ba ku yi magana ba, babu ma'aunin da za ku koma gare shi ranar da gardama ta tashi.

Don haka ka zauna da ma'aikacin ku yanke ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi, hutu na minti nawa ne, wace rana ce ranar hutunsa a mako, kuma nawa ne kuɗin awar da ta ƙaru. Abin da aka saba a kamfanoni da yawa shi ne awa ɗaya da rabi a ranakun aiki, ninki biyu a ranar hutu. Al'ada ce, ba doka ba, amma al'ada ce mai kyau kuma ma'aikatan Legas sun san ta. Ku rubuta a takarda, kowa ya riƙe kofi. Sashe na 7 ya wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki.

Akwai wurare biyu da dokar ta ja layi, ba a cinikinsu. Wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a rana yana da haƙƙin hutu da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba, ko a haɗe ko a rarrabe. Sannan a kowane kwana 7 yana da hutun awa 24 a jere. In buƙata ta sa ya yi aiki a ranar hutun, ko dai a rama masa da wata rana cikin kwana 14, ko a biya shi da farashin obataim.

Dokar tana magana ne a kan leburori da akawuna. Manaja ba ya ciki, haka iyalin maigida. Amma ƙanenka ko ɗan yayarka da ka ɗauko daga gida ya fi kowa buƙatar a rubuta masa awoyinsa, domin kunya ba za ta bar shi ya tambaye ka ba, sai dai ya kai ƙorafin Kano ko Sakkwato a waya, ka ji shi daga bakin Hajiya.

Littafin rajista

Sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, irin na akawu. Ka ba kowane ma'aikaci shafinsa na wata, maimakon a jera kowa a shafi ɗaya na rana, domin ranar lissafi ba za ka yi ta juya takarda kana farautar suna ba. Ka ja layuka bakwai a tsaye: kwanan wata, shiga, tashi, hutu, jimillar awoyi, sa hannu, da wani fili na bayani a ƙarshe. Wannan filin na ƙarshe shi ne mutane ke rainawa, kuma shi ne mai kashe gardama. A nan ake rubuta "ya nemi izini, asibiti", ko "Alhaji ya ce a tsaya, odar biki".

Agogo ɗaya za a bi. A rataye shi a bango kusa da littafin, a daidaita shi da na waya duk ranar Litinin. Ma'aikaci ya rubuta lokacin da hannunsa, da biro, ba fensir ba. Wanda ba ya rubutun boko, mai kula da littafin ya rubuta masa, ya karanta masa da ƙarfi, shi kuma ya dangwala yatsa. In an yi kuskure kada a goge, kada a shafa farin fenti. A ja layi ɗaya a kai yadda tsohon rubutun zai ci gaba da karantuwa, a rubuta daidai a gefe, mutum biyu su sa hannu.

Kullum bayan an tashi, mai kula da littafi ya ɗauki hoton abin da aka rubuta a ranar ya tura wa maigida ta WhatsApp. Hoton yana zuwa da kwanan wata da lokaci, saboda haka ba wanda zai koma baya ya gyara ranar Talata a ranar Asabar. Ga kuma damina, wanda shagonsa ya taɓa cika da ruwa a Legas ya san abin da takarda ke zama.

Na'urar dangwala yatsa tana da amfani, tana hana aboki ya sa wa abokinsa hannu. Sai dai tana son batir mai riƙe caji saboda ɗauke wuta, kuma yatsan mai kwaɓa fulawa ko mai ɗaukar bulo sau da yawa ba ta gane shi, zanen ya goge ko ya cika da gari. Ko ka saka ta, ka bar littafin a kusa.

Fitar da awoyin rana guda

Ka yi amfani da agogon awa 24 a littafin. Ƙarfe 4 na yamma ya zama 16:00, ƙarfe 7 na dare ya zama 19:00. Hanyar ita ce daga ƙarfe 1 na rana zuwa 11 na dare ka ƙara 12. Amfaninsa, ba za a rikita 7 na safe da 7 na dare ba, kuma ɗebewa tana zuwa da sauƙi: lokacin tashi, a ɗebe lokacin shiga, a ɗebe hutu.

Wanda ya shiga 7:00 ya tashi 16:00 ya yi awa 9 a wurin. Cire hutun awa 1, saura 8.

Inda ake ɗan tsayawa shi ne idan mintunan tashi ba su kai na shiga ba. Misali, shiga 6:50, tashi 17:25. Ba za ka iya cire 50 daga 25 ba, sai ka aro awa ɗaya ka mai da ita minti 60. Wato 17:25 ta zama 16:85. Yanzu 85 a ɗebe 50 saura 35, 16 a ɗebe 6 saura 10. Awa 10 da minti 35 ke nan, a cire hutu ya zama 9:35. Ka lura 60 ake arowa, ba 100 ba.

Aikin dare yana tsallake sha biyu, don haka lokacin tashi yakan fi na shiga ƙanƙanta a lamba. Maganinsa a ƙara 24 a kan lokacin tashi. Mai gadin kamfani ya karɓi aiki 18:40 ya miƙa 6:15 na safe: 6:15 ta zama 30:15, a aro awa ta zama 29:75, a ɗebe 18:40, saura 11:35. Dukkan awoyin a rubuta su a layin ranar da ya fara aikin. In ya shiga daren ƙarshen wata ya fita safiyar sabon wata, aikin na tsohon wata ne. Ka riƙe wannan ƙa'ida kada ka canza, in ba haka ba wani dare zai shiga lissafi sau biyu, ko ya faɗi a tsakani.

Maganar hutu tana son gaskiya. Hutun da ake cirewa shi ne wanda mutum ya ajiye aiki ya samu kansa, ya je masallaci, ya ci abinci a zaune. Yaron shago da yake cin shinkafarsa a bakin kanta yana miƙa wa mutane canji bai huta ba, kada a cire masa komai. A ganina ya fi sauƙi a haɗa awa ɗayan da sallar Azahar, ko a raba ta, minti 40 da Azahar, minti 20 da La'asar, sai ya zama ba a buƙatar wani lissafi daban na sallah. Ranar Juma'a ku yanke tun farko: hutun awa 2 ne a rama awa ɗaya da yamma, ko kuwa maigida ya yafe. Da azumi ma haka, in za a riƙa tashi da wuri, a rubuta sabon tsarin a saman shafin watan. Inda ake aiki tare da Yarabawa da Inyamurai Kiristoci, musayar Juma'a da Lahadi tana warware abu da yawa, amma ita ma ta shiga littafi.

Idan wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ma'aikata suna zaune suna jira da umarninka, wannan lokacin naka ne, ba nasu ba, a ƙidaya shi. Haka safiyar Alhamis da kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe 10 saboda shara. In ka ce yaro ya zo tun 7 ya share gaban shago da kwata, awoyinsa sun fara daga 7.

Tara mako, da ramin da kalkuleta ke jefa mutane

Ga shafin wani mai gashi a gidan burodi, wanda yarjejeniyarsa awa 8 ce a rana, kwana 6 a mako:

Litinin, shiga 7:00, tashi 16:00, hutu 1:00, jimilla 8:00
Talata, shiga 7:20, tashi 16:00, hutu 1:00, jimilla 7:40
Laraba, shiga 7:00, tashi 18:45, hutu 1:00, jimilla 10:45
Alhamis, shiga 7:00, tashi 16:30, hutu 1:00, jimilla 8:30
Juma'a, shiga 7:00, tashi 17:00, hutu 2:00, jimilla 8:00
Asabar, shiga 6:50, tashi 17:25, hutu 1:00, jimilla 9:35

A tara awoyi daban, mintuna daban. Awoyi: 8, 7, 10, 8, 8, 9, sun ba da 50. Mintuna: 40, 45, 30, 35, sun ba da 150. Minti 150 awa 2 ne da minti 30. Jimillar mako, awa 52 da minti 30.

Yanzu duba abin da ke faruwa in akawu ya ɗauki kalkuleta ya buga 8.00, 7.40, 10.45, 8.30, 8.00, 9.35 kamar kuɗi yake tarawa. Za ta ba shi 51.50. Awa guda cur ta ɓace, kuma ba wanda zai lura, domin lambar ta yi kama da gaskiya. Dalilin shi ne kalkuleta tana jira a cika 100 kafin ta ƙara ɗaya, shi kuwa agogo a 60 yake cika. Kuskuren kullum ma'aikaci yake cuta, bai taɓa cutar maigida ba, shi ya sa yake daɗewa ba a gano shi ba. In awar obataim Naira 750 ce, kuma haka ake yi duk mako, a shekara Naira 39,000 ke nan ta mutum ɗaya ta maƙale a aljihun da ba nata ba.

Kafin ka ninka awoyi da kuɗi, dole ka mai da mintuna zuwa ɗigo ta hanyar raba su da 60. Minti 15 ya zama 0.25, minti 30 ya zama 0.5, minti 45 ya zama 0.75. Minti 10 kuwa 0.17 ne, minti 20 shi ne 0.33, minti 40 shi ne 0.67, minti 50 shi ne 0.83. Rubuta waɗannan a cikin bangon littafin. Kuma ka yi wannan juyin sau ɗaya, a kan jimillar mako ko ta wata, ba kowace rana ba, don kada ƙananan ragowa su taru su karkatar da lissafi. Awa 52 da minti 30 ta zama 52.5.

Wasu suna zagaye lokaci zuwa kwata mafi kusa don sauƙi. In za ka yi, ka yi ta ɓangare biyu: 7:07 ta koma 7:00, 7:08 ta tafi 7:15. Wanda ke tura lokacin shiga gaba kullum, ya ja na tashi baya kullum, tauye mudu yake yi. Ni dai na fi son a bar minti yadda yake, lissafin bai fi ƙarfin wayar hannu ba.

Nawa ne kuɗin awa ɗaya?

Mai albashin wata ba a biyan sa da awa, amma sai ka san farashin awarsa kafin ka iya lissafa obataim ko fashi. Watanni ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka a ɗauki matsakaici: awoyin mako sau 52, a raba da 12. Mai awa 48 a mako yana da 208 a wata, daidai da kwana 26 sau awa 8. Mai awa 40, Litinin zuwa Juma'a, yana da 173.33.

A ce albashin mai gashin nan Naira 104,000 ne. Raba da 208, awarsa Naira 500, yininsa Naira 4,000. Obataim na ɗaya da rabi Naira 750, ninki biyu Naira 1,000. Wannan lambar 208 ita za ka riƙe duk shekara, Fabrairu da Disamba ɗaya. Kada ka raba da 26 ranar da za ka yanke fashi, sannan ka raba da 30 ranar da za ka biya ƙari. Ma'aikata suna gane irin wannan da wuri.

Wannan lissafin yana tona abin da albashin wata ke ɓoyewa. Mai gadi da ke yin awa 12 kwana 6 yana da awa 72 a mako, 312 a wata. In albashinsa Naira 78,000 ne, awarsa Naira 250 ce, rabin ta mai gashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, Naira 70,000 ne, wanda ya kama kusan Naira 404 a awa ga mai awa 40 a mako. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin jinga da na kamasho. Naira 85,000 da Gwamna Sanwo-Olu ya sanar a Oktoban 2024 kuwa ta ma'aikatan gwamnatin Jihar Legas ce. Amma da waɗannan lambobin ma'aikacinka yake auna ka, ko doka ta hau kanka ko ba ta hau ba, kuma kuɗin danfo daga Agege zuwa Oshodi ba ya tambayar yawan ma'aikatan kamfani.

'Yan dako a Mile 12 da masu lodi a Apapa da ake biya da kwando ko da buhu, nasu ƙidayar kaya ce, wannan lissafin bai shafe su ba.

Obataim, makara da fashi

Hanya biyu ce ta ƙidaya obataim, kuma ba sa ba da amsa ɗaya. Ta mako: 52.5 a ɗebe 48, saura 4.5, sau 750, Naira 3,375. Ta rana: duk abin da ya haura awa 8 a kowace rana, wato 2:45 na Laraba, 0:30 na Alhamis, 1:35 na Asabar, jimilla awa 4 da minti 50, wanda ya kama Naira 3,625. Sai a cire makarar minti 20 ta Talata da farashin awa ta yau da kullum, Naira 167, saura Naira 3,458. Bambancin Naira 83 ne kacal a wannan makon, amma a makon da mutum ya yi fashin yini guda sannan ya kai dare sau biyu, tazarar tana da yawa. Ta mako ta fi sauƙi, ta rana ta fi yi wa ma'aikaci adalci a wurin da aiki ke zuwa da ƙarfi wata rana. Zaɓi ɗaya, ka rubuta ta a yarjejeniya.

Obataim sai da izini. Wanda ya zauna hira bayan an tashi yana jiran gosulo ya ragu, ko ya iso tun 6:00 don ya riga cunkoso, ba a bin ka bashin wannan lokacin. Shi ya sa duk ranar da aka wuce lokaci, mai kula da aiki zai rubuta dalili a filin bayani ya sa hannu. A shafin da ke sama, 6:50 ta Asabar ta shiga lissafi ne don maigida ne ya ce a zo da wuri.

Makara a Legas sai an yi mata hankali. Mutumin da ke kwana a Ikorodu yana aiki a Apapa ba shi ke da iko da hanya ba. Ka ba da rangwamen minti 10 ko 15, abin da ya wuce haka a cire daidai mintunan da aka rasa. Abin da bai halatta ba shi ne tara. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana yanke wa ma'aikaci albashi da sunan tara, don haka tsarin nan na "duk wanda ya makara Naira 1,000" ba shi da gindi. Makarar minti 20 a albashin da muka yi misali da shi Naira 167 ce, ba 1,000 ba. Mai yawan makara gargaɗi ake yi masa, a baki sannan a rubuce.

Fashi ba tare da izini ba, a cire kuɗin yini. Rashin lafiya daban ne: dokar ta ba da har kwana 12 na aiki a shekara da cikakken albashi in akwai takardar likita. Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki, da albashinsa. Masu tafiya gida da Babbar Sallah su yi mako biyu, ku zauna tun kafin tafiya a raba: kwana nawa hutun gwamnati ne, nawa hutun shekara, nawa kuma babu biya. A rubuta kafin ya hau mota.

Ranakun hutun gwamnati, irin su 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, Kirsimeti da washegari, Ista, Sallah ƙarama da babba da Maulidi, ka yi musu alama da jan biro da zarar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar. Mai albashin wata kuɗin wannan ranar yana cikin albashinsa ko bai zo ba. To in ya zo, "ninki biyu" na nufin Naira 1,000 kowace awa a kan albashin, ko Naira 500 ce za a ƙara ta cike biyun? Nan ake yawan samun saɓani. Ku faɗi adadin da Naira a takarda.

Haɗa wata

Ka rufe littafi ranar 25, wato watan lissafi ya kama daga 26 zuwa 25, don ka samu kwanakin dubawa kafin biya. Dokar ba ta yarda tazarar biyan albashi ta wuce wata ɗaya ba, kuma mu da muka taso da hadisin nan na a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe ba ma buƙatar a tuna mana.

A ce a watan mai gashin ya tara obataim awa 14 da minti 15, ya yi awa 6 a ranar hutun gwamnati a kan Naira 1,000, ya yi fashin yini ɗaya, kuma ya karɓi adibas na Naira 20,000. Obataim: 14.25 sau 750, Naira 10,688. Ranar hutu: Naira 6,000. Fashi: a cire Naira 4,000. Jimilla kafin yanke-yanke: 104,000 da 10,688 da 6,000, a ɗebe 4,000, Naira 116,688.

Sai haraji. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, Naira 800,000 ta farko a shekara ba a cire mata komai, Naira miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin 100. A wata, Naira 66,667 ta farko ta tsira. Ragowar 50,021 sau kashi 15 ta ba da Naira 7,503, kafin rangwamen kuɗin haya da na fansho ga wanda ya cancanta. Obataim ma kuɗin shiga ne, yana cikin abin da ake yi wa haraji. Abin da aka cire ana miƙa shi ga hukumar harajin Jihar Legas, LIRS, zuwa ranar 10 ga wata mai bi. In ma'aikatanka sun kai 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kanka: kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga gare ka, a kan gundarin albashi da alawus na gida da na mota, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Kashi 1 na asusun NSITF, wato asusun biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, kuwa daga aljihun kamfani yake fita, ba a taɓa ma'aikaci.

Gidan burodin misalinmu mai mutum 12 ne, don haka abin da zai shiga asusun mai gashi shi ne 116,688 a ɗebe 7,503 a ɗebe 20,000, Naira 89,185. Ka duba abu biyu kafin ka tura: adibas bai kamata ya wuce albashin wata ɗaya ba, kuma jimillar abin da aka yanke a wata kada ta haura kashi ɗaya bisa uku na albashin watan. In bashin ya fi haka, a rarraba shi a watanni.

Mai kwamfuta, ko mai Google Sheets a waya, zai iya sauƙaƙa wa kansa. In lokacin shiga yana B2, na tashi yana C2, hutu kuma an rubuta shi da awa a D2, kamar 1 ko 0.5, sai a rubuta =MOD(C2-B2,1)*24-D2 a gidan E2, a bar gidan a tsarin lamba. Wannan yana fitar da awoyi da ɗigo kai tsaye, kuma yana gane aikin dare da kansa. Dole a shigar da lokaci da ɗigo biyu, 7:20, ba 7.20 ba. In kuma kana tara lokuta a tsarin agogo, ka sa gidan jimilla a [h]:mm, in ba haka ba duk sanda ya cika 24 sai ya koma sifili, awa 52:30 ta fito maka 4:30.

Kwana ɗaya kafin biya, kira kowa shi kaɗai ka nuna masa shafinsa da lissafinsa.

"Alhaji, ranar Laraba fa sai dab da Magariba muka tashi."

"Haka ne Malam, ga ta nan, 18:45, ga hannunka. Awa biyu da minti arba'in da biyar, na sa maka."

"To Talatar nan fa, ranka ya daɗe? Tirela ce ta faɗi a hanya."

"Ban yi maka tara ba, minti ashirin ɗin kawai na cire."

In ya gamsu ya sa hannu a ƙasan shafin, ka ba shi 'yar takarda mai nuna albashi, awoyin obataim, abin da aka yanke da dalilinsa, da abin da ya rage. Ka tura kuɗin ta banki ka rubuta watan a bayanin turawa, in kuma tsaba ne ya sa hannu ya karɓa. Littafin da ya cika a rubuta watanninsa a bango a ajiye a wuri mai tudu. Dokar Ƙwadago ta ce a adana bayanan albashi shekara 3, kuma in magana ta kai ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi, wannan littafin da takardar yarjejeniya za ka ɗauka ka tafi da su.